Kwamfuta mai magana: Yaushe za ta iso ga makafin Saji?

A ƙasar Hausa, idan aka haifi yaro makaho ko ciwo ya ɗauke masa gani, kusan an gama yanke masa hukuncin rayuwa: sanda a hannu, ɗan jagora a gaba, ƙoƙon bara a ɗaya hannun. Duk wanda ya saba cin kasuwar Rano ko ta Kibiya ya san wannan hali. Abin tambaya a nan shi ne, shin nakasar ce ta jefa bayin Allah nan cikin bara, ko kuwa rashin kayan aikin da tuni sauran duniya ta samar wa irinsu?

Mai karatu, a yau makaho na iya zama gaban kwamfuta ya rubuta wasiƙa, ya karanta jarida, ya yi lissafin kasuwancinsa ba tare da ɗan jagora ba. Manhajar da ke yin wannan aiki tana bin duk abin da ke kan allo ne tana faɗa masa da murya, shi kuma yana sarrafa na'urar da maɓallan rubutu. Irin su JAWS kuɗi ake saya, masu yawa kuwa, amma tun 2006 wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara NVDA, abokinsa James Teh wanda shi ma makaho ne ya haɗa hannu da shi, suka bayar da ita kyauta. Kazalika wayoyin Android na da TalkBack, iPhone na da VoiceOver. Ga kurma kuwa, kiran bidiyo ya ba shi damar yin maganar hannu da ɗan'uwansa na nesa, abin da wayar tarho ba ta taɓa ba shi ba.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ɗalibai makafi na cikin waɗanda abin ya fi jefawa cikin tsaka mai wuya. A 2017 Farfesa Ishaq Oloyede ya kafa musu kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, aka ware cibiyoyi, ciki har da ta Jami'ar Bayero da ke Kano, inda ake karanta musu tambayoyi su amsa da rubutun makafi, ko keken rubutu, ko kwamfuta. Darasin a fili yake: na'ura ɗaya ce ke iya rufe ƙofa ta kuma buɗe ta, ya danganta da ko an tuna da nakasasshe lokacin da ake tsara ta.

To amma kafin ɗalibi ya kai ƙofar JAMB sai ya bi ta firamare da sakandare, a nan kuwa gizo ke saƙar. Makarantar masu buƙata ta musamman da kowa ya sani a jihar nan ita ce ta Tudun Maliki, cikin birni. Manomin Saji da Allah Ya ba ɗa makaho, ko dai ya rabu da yaronsa tun yana ƙarami ya kai shi Kano, ko ya bar shi a gida babu karatu. Ko da ya tara kuɗin amfanin gona ya saya masa waya, akwai matsalar wutar caji, ga kuma ta harshe: muryar Turanci idan ta haɗu da rubutun Hausa sai ta dagula shi, musamman ɓ da ɗ da ƙ. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 ke buƙatar kayan taimako irin su keken guragu da na'urar ji da tabarau, kuma kusan biliyan ɗaya ba sa samu. Mutanen karkara irin namu suna cikin wannan lissafi.

Doka kam akwai ta. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga nakasassu, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Sai dai gurbin aiki ba ya amfanar wanda bai iya aikin ba, aikin ofis kuwa a yau kwamfuta ce.

Saboda haka, tunda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, ya kamata ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su samu rabonsu ta wannan fuska. Ɗaki guda a babbar firamaren kowace hedikwata, da kwamfutoci kaɗan masu NVDA, da wutar sola, da malamin da Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero ya horar, bai fi ƙarfin shugaban ƙaramar hukuma ba. A sa Sarkin Makafi da masu unguwanni cikin aikin, domin su suka san gidan da aka ɓoye yaro. Su kuma masana harshe da matasanmu masu ilimin kwamfuta, samar da ingantacciyar muryar Hausa ga waɗannan manhajoji nauyi ne a kansu, babu wanda zai zo daga waje ya yi mana.

Sadakar naira hamsin tana ƙarewa kafin la'asar, amma yaron da ya iya kwamfuta gobe shi zai riƙe iyayensa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon dubawa, amin.