Idan Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari

Ina cikin masu tara tsofaffin kuɗin azurfa na Rumawa, wato denariyus, wanda daga sunansa aka samo kalmar dinari. Da 'yan uwana masu wannan sha'awa nake yau, kuma ba zan sassauta ba.

Kowanmu yana mafarkin sulen Burutus na shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai wuƙaƙe biyu da hular 'yantaccen bawa, da rubutun EID MAR, wato 15 ga Maris, ranar da aka kashe Juliyas Kaisar a shekara ta 44. A 2020 an yi gwanjon irinsa na zinariya a Landan a kan sama da fam miliyan 3. A 2023 hukumomin New York suka mayar da shi Girka, domin takardun asalinsa na bogi ne. Muka yi ta la'antar dillali. To, mu masu saye fa?

A zamanin yaƙin basasa mutane sun riƙa binne kuɗinsu a tukwane, da yawa ba su dawo sun tone ba. Irin waɗannan tukwane masana kamar Michael Crawford suka kwatanta har suka jera sulallan bisa shekarunsu. Da su aka gane cewa kuɗin da Markus Antoniyus ya buga wa sojojinsa dab da yaƙin Aktiyum na shekara ta 31, masu hoton jirgin ruwa, sun yi sama da shekara 200 suna yawo a kasuwa: azurfarsu ba ta cika ba, ba wanda ke son adana su. Idan ɓarawo ya tone tukunya da dare ya sayar ɗai-ɗai, azurfar tana nan, amma labarin wurin da aka binne ta ya tafi ke nan.

Za a ce sulen ya riga ya fito, in ban saya ba wani zai saya. Da wannan hujjar na sayi na Antoniyus guda, ba takarda, ban ma tambaya ba. Kuɗina ne ladan wanda ya yi tonon, kuma shi zai sa ya koma gobe.

Yanzu ƙa'idata ɗaya: dillali ya nuna min hannun da sulen ya bi, da shekara, a rubuce. In ya fara kame-kame, na bar masa kayansa komai kyansa.