Wasiƙar Abigail da malfar jaji

Jama'a, duk sanda aka tada zancen rawar matan shugabanni wajen ƙwato wa mata haƙƙinsu, sai 'yan bokonmu su ɗauko sunan Abigail Adams, matar John Adams, shugaban Amurka na biyu. Ba laifi, baiwar Allah ta yi nata. A watan Maris na 1776, ana shirin kafa ƙasar, ta rubuta wa mijinta cewa in sun zo tsara sabbin dokoki kada su manta da mata. Shi kuwa gogan ya maida abin raha. Sai a 1920 aka ba matan Amurka ƙuri'a a faɗin ƙasar. Shekara 144 ke nan.

To mu nan Ƙofar Marke me zai kai mu tsallaken teku neman misali, alhali Hubbare ba nisa? Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, ƙanwar Sarkin Musulmi Bello, matar Waziri Giɗaɗo. In ana maganar kusanci da mulki, wace uwargida ta kai ta? Amma ba ta tsaya ga roƙon maza su tuna da mata ba. Ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijan mata daga ƙauyuka, ta karantar da su, ta naɗa su jaji da malfa da jan rawani. Jaji ta taho Sakkwato da ayarin tsofaffi da 'yan mata, su ɗauki karatu, su koma su shiga gida gida suna koya wa matan kulle. Ta tsara karatun cikin waƙa, da Hausa da Fulfulde, don wadda ba ta iya ƙi da biri ba ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Kun ga dabara.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanga: Bello ya rasu a 1837, Giɗaɗo ya bi shi, aikin bai tsaya ba. Ita kanta ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ɗauka. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, 'Yan Taru na nan.

Yanzu ku dubi namu na zamani. Maryam Babangida ta kawo Better Life a 1987, kuma gaskiya ta ɗaga sunan matan karkara. Mulki na sauyawa aka naɗe tabarmar, Maryam Abacha ta shimfiɗa tata, Family Support. Haka abin ya gangaro har jihohi: kowace uwargida da gidauniyarta, a raba keken ɗinki da turmin atamfa gaban kyamara, wa'adi ya ƙare a sauke allon. Mu ma'aikata mun san yadda fayil ke kwana cikin kabad ranar da aka rantsar da sabon gwamna, ba sai an faɗa muna ba.

Ba na ce keken ɗinki banza ba ne, wallahi akwai gidan da shi ke ci da shi. Amma 'yan matan da ke yawon talla lokacin makaranta ba keke suka rasa ba. Malamai mata suna nan cikin unguwanninmu suna karantar da matan aure a zaure da tsakar gida, da yawansu ba ko sisi. Su ne jajin yau. A ƙidaya su gunduma gunduma, a horar da su, a sa alawus ɗinsu cikin kasafin hukumar yaƙi da jahilci da doka, ba cikin gidauniyar matar kowa ba.