Ba Aljani Ba Ne, Dalma Ce

Kun lura duk fim ɗinmu da aka nuno jami'a, jarumi ko lauya yake karanta ko likita? A zahiri ma haka ne. Yaro ya nemi likitanci aka tura shi Bayokemistiri, sai gida a yi jugum kamar an yi rashi. Ni dai ban yarda da wannan raini ba, kuma hujjata tana Yargalma, a ƙaramar hukumar Bukkuyum ta Jihar Zamfara.

A 2010 yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a can da Dareta da wasu ƙauyukan Anka. Sama da 400 aka rasa. Da a fim ne, wallahi kishiya ko aljani za a ɗora wa. Likitocin MSF ne suka ankara, aka ɗebi jini aka auna, sai ga gubar dalma. Duwatsun zinare ake niƙawa a cikin gidaje, yara suna wasa a ƙurar, hannu kuma baka. Na'urar awon ba ta wuce maki 65, alhali daga 45 ake fara magani, amma jinin yara da yawa ya ƙure ta.

To yaya ƙura ke kisa? Nan ne aikin ɗan Bayokemistiri. Dalma 'yar basaja ce: jiki yana ɗaukarta a matsayin kalsiyam, ya buɗe mata hanya har ƙwaƙwalwa da ƙashi. Sannan akwai wani sinadari mai suna ALAD da ke taya jiki haɗa jan jini. Da zinki yake aiki, sai dalma ta ture zinkin ta zauna a gurbinsa, aiki ya tsaya cak. Ka ji dalilin ƙarancin jini. Maganin da aka bai wa yaran, DMSA, damƙe dalmar yake yi ya fito da ita ta fitsari. Sai dai fa in ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarnar ba ta gyaruwa.

Wannan karatun ana yin sa a Jami'ar Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ABU Zariya, da Bayero. Ƙanena da aka bai wa kwas ɗin, ka je ka yi rajista. Furodusoshi kuma, ga labari nan ba waƙa ba rawa. Wa zai fara kai kyamara Bukkuyum?