Yawan Ƙwaƙwalwa Ba Shi Ne Maganin Cinkoso Ba

Sanin kowa ne cewa ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal ya dogara ga na'ura wajen aika kuɗi gida. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, jama'a suka koma aike ta waya, na'urorin bankuna suka riƙa sarƙewa, kuɗin cefanen iyali ya maƙale a hanya kwana da kwanaki. Abin da akan ce shi ne nauyi ya yi wa uwar garke yawa, watau babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonnin, don haka a sayo wadda ta fi ta. To, wannan magana tana bukatar gyara.

Uwar garke ta zamani tana da ƙwaƙwalwa da yawa masu aiki lokaci ɗaya. Amma akwai zuciyar manhaja, wadda ke raba musu aiki da wurin ajiya. In ƙwaƙwalwa biyu suka taɓa rubutu guda a lokaci guda, lissafi ya rikice, na'ura ta faɗi. Saboda haka akan sa kwaɗo, wanda ya shiga ya kulle, saura su jira.

Tarihin Linux, manhajar da akasarin manyan kwamfutocin intanet ke aiki da ita, ya isa misali. A 1996 aka fitar da Linux 2.0 mai iya tafiyar da ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya, amma da ƙaton kwaɗo guda a bisa zuciyar duka. Kamar rijiya ce mai guga ɗaya: ko an kawo majiya ƙarfi goma, ɗaya ke jan ruwa, tara na tsaye. A 1999 kamfanin Mindcraft ya yi gwaji da kuɗin Microsoft a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa huɗu, Windows NT ta tsere wa Linux. Masu Linux sun yi ƙorafi, amma da aka sake gwajin a gabansu sakamakon bai juya ba. Sai suka duƙufa suna sauya ƙaton kwaɗon da ƙanana, kowane a ƙofarsa. Ba a cire shi ɗungurungum ba sai 2011, bayan shekara 15.

Ƙananan kwaɗunan ma da tasu fitinar. Wannan ya riƙe makullin da wancan ke jira, wancan ya riƙe na wannan, sai na'ura ta sandare alhali ba abin da ya ƙone.

Don haka injiniyan ƙwarai ba ya fara da takardar saye. Yakan karanta bayanin da na'ura ta bari kafin ta faɗi. Yakan duba ko ƙwaƙwalen aiki suke yi ko jira. Yakan tayar da ita da ƙwaƙwalwa ɗaya tak; in faɗuwar ta daina, ya san inda gizo ke saƙa. Sa'an nan ya ɗora mata nauyin gwaji tun ranar cinkoso ba ta zo ba.

Ya kamata shugabannin bankuna da na ma'aikatu su nemi wannan bincike kafin su sa hannu a kwangilar sabuwar na'ura, domin mai sayar da ita ba zai ce laifin na kwaɗo ne ba. Ɗan dako a Agege da mai shayi a Sabo sun biya ladan aike, hakkinsu ne saƙo ya isa gida a kan kari. Allah Ya sa masu abin su ji.