Rumbun Ikkilisiya

'Yan'uwa manoman ƙasar Daura, da kaka mukan kai gero kasuwar Mai'aduwa mu sayar da araha, a watan Agusta kuma mu saye shi da tsada. Wanda ya ga farin 1973 ya san zafin rumbu wofi.

Ga shawarata. Kowane gida ya fid da dami ɗaya cikin goma, a tara a rumbun ikkilisiya. In damina ta yi tsakiya, a ranta wa mabukaci, Kirista ko Musulmi, kwano a mai da kwano. Gwauruwa kuwa a ba ta kyauta.

Wani zai ce nasa ma bai isa ba. To, gonar ta Allah ce, mu riƙo aka ba mu. Macijin Kusugu ya hana mutane rijiyar da bai haƙa ba. Kada mu zama irinsa.