Magani ma sai jiki ya tashe shi

Kwanan baya na ziyarci wani ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Mirriya. Wani magidanci ya ce mini ya daina shan maganin ciwon hanta da likita ya rubuta masa, domin in ya sha ba ya jin komai a jikinsa. A ganina wannan babban kuskure ne.

Mu duba kunun zaƙi. Gero kaɗai ba ya da zaƙi, sai an zuba masa tsiro ko busasshen dankali. Abin da ke yin wannan aiki a cikinsu, masana suna kiran sa anzim. Jikinmu ma cike yake da anzim iri-iri.

Maganin mutumin nan sunansa tenofovir. An fara ba da shi a Amurka a shekarar 2001. Yana danne ƙwayar cutar sida da ta ciwon hanta nau'in B. Amma hanji ba ya iya tsotse shi sosai in yana tsirara. Shi ya sa masu haɗa shi suka yi masa riga, kamar gyaɗa cikin kwanso. In ya ratsa hanji, sai anzim na farko ya ɓare rigar. Daga nan ya shiga ƙananan ɗakunan jiki inda cutar take ɓuya. A can wasu anzim su ɗaura masa wani sinadari mai suna fosfat har sau biyu. Sai a lokacin ya zama magani. Ƙwayar cuta ta ɗauke shi bisa zaton kayan gininta ne, sai ginin ya tsaya, ta kasa hayayyafa.

Duk wannan aiki a ɓoye yake gudana, ba a jin sa. Kuma maganin yana raguwa a jiki, domin ƙoda tana fitar da shi ta fitsari. Danne cutar yake yi, ba ya kashe ta ƙurmus. Wanda ya bar sha, ciwon hantarsa na iya tasowa da ƙarfi.

Saboda haka a sha shi kowace rana. Kada a raba shi da maƙwabci, kada a saya wurin masu talla. A koma asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Damagaram, a auna jini, a duba lafiyar ƙoda. Likita ne kaɗai zai ce a daina ko a sauya.