Wa Ya Ce Alawus Ɗin Naƙasassu Lalaci Yake Koyarwa?

Duk ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, shirin ɗaya ne a yawancin jihohin Arewa. A kafa rumfa, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da kekunan guragu, a gayyato Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, babban baƙo ya hau mumbari ya ce gwamnati ba ta son kowa ya zauna yana jiran a ba shi, jari take bayarwa. Sai tafi ya tashi. Wannan magana ta zama karatun da kowa ya haddace: wai biyan naƙasasshe kuɗi duk wata yana kashe masa zuciya, abin da ya dace shi ne a koya masa sana'a a sallame shi.

Maganar tana da daɗin ji, amma a kan kuskuren lissafi aka gina ta. Masu yin ta sun manta cewa naƙasa kanta kuɗi take ci, kullum, ko mutum yana da sana'a ko ba shi da ita. Gurgun da ke gyaran waya a kasuwa ba zai iya takawa ƙasa ya rage kuɗin mota ba. Sau da yawa sai ya ɗauki shatar adaidaita sahu saboda kekensa. Tayar keken tana cinyewa. Makaho yana buƙatar ɗan jagora, kuma idan babu abin biyan babba, ɗansa ko jikansa ne zai bar makaranta ya riƙe sanda. Zabiya tana buƙatar man kare fata daga rana, mai larurar laka yana buƙatar magani da mai jinya. Keken ɗinki guda ɗaya da aka raba a gaban kyamara ba ya biyan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan yunwa ta matsa, keken ma a kasuwa yake ƙarewa, sai masu rabon su ce ai ga shi nan, ba sa son aiki.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Dokar ta tanadi karatu kyauta har zuwa sakandare, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su yi hanyar da keke zai bi, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 a kan mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan 1 a kan kamfani. Ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara. A 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa. Abin da dokar ba ta ajiye ba shi ne alawus na wata-wata. Ta rufe ƙofar bara, amma ba ta faɗi abin da za a ɗora a kan murhu da yamma ba.

Masu cewa abin ba zai yiwu ba su leƙa Dutse. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu a ƙananan hukumomin Jigawa 27 naira 7,000 duk wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa yake naira 5,500. Jigawa ba ta cikin jihohi masu arzikin mai. Laifin shirin ba yawan kuɗin ba ne. Waɗanda ya ɗauka kaɗan ne, kuma an bar adadin kuɗin a tsaye shekara da shekaru har tsadar rayuwa ta cinye shi. Afirka ta Kudu kuwa tana biyan naƙasasshen da likita ya tantance, kuma samunsa bai kai wani mizani ba, sama da rand 2,000 duk wata ta hannun hukumar SASSA. Ghana ta yanke wa naƙasassu kaso na musamman daga asusun da ake raba wa gundumomi.

Ba kuma baƙon tunani ba ne a ƙasar da ke alfahari da tarihin Musulunci. Malaman tarihi sun rawaito cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya yanka wa kutare abin masarufi daga baitulmali sannan ya hana su roƙo, ya ba kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima. Tanadin ne ya fara zuwa, hanin ya biyo baya. Kano ta haramta bara a titi tun 2013, 'yan Hisba suna kame, amma ɓangaren baitulmalin ne har yau ake jira.

Zargin lalaci ma bai da tushe. Waɗanda shan inna ya naƙasa a Kano su ne suka haɗa kansu suna ƙera kekunan guragu da hannunsu. 'Yan wasan ɗaga nauyi naƙasassu sun sha kawo wa Najeriya zinare daga gasar Paralympics a shekarun da masu lafiya suka dawo daga Olympics ba zinare ko ɗaya. Ba a taɓa jin an ce fanshon tsohon gwamna yana kashe masa zuciya ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru, kuma mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Majalisun jihohi suna da ikon yin dokar da za ta sa a yi rajistar naƙasassu a kowace mazaɓa, likita ya tantance, kuɗin ya riƙa shiga asusun mutum kai tsaye ba ta hannun ɗan siyasa ba, a kuma ɗaure adadin da mafi ƙarancin albashi ta yadda duk ranar da aka ƙara wa ma'aikaci, shi ma naƙasasshe nasa ya tashi.